Jan Ɗigo a Gaban Sunanta

Balsall Heath, Birmingham
Oktoba

Yaya Margaret,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigida Gamaliel da Delight. Ya aiki, ya sanyin da ya fara shigowa? Mu nan lafiya lau, sai Aliya da ke fama da tari, GP, likitan unguwarmu, ya ce a ba ta ruwan ɗumi kawai, kin san halinsu. Babansu yana can jami'a, ɗakin bincike ya zama gidansa, nan kuwa wurin cin tuwo ne.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, kuma daga wadda rabonki da ita tun bikin Kafanchan. Za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da zumunci. Ba zan musa ba. Amma kakata ta wajen uwa da kakanki ciki ɗaya suka fito, kuma duk faɗin ƙasar nan ba ni da wani jini sai ke. Ba na iya wannan magana a waya. Flat ɗinmu ɗaki biyu ne, in na yi atishawa a kicin daga banɗaki ake yi mini sannu. Wayar ma yaran ne suka saita mini ita, duk abin da na rubuta suna gani.

Maganar 'yarki ce ta nan gidana, babbar, yayar Aliya. Kin san tun yaye tana hannun kakarta a Zariya, sai bara da Hajiya ta rasu muka ɗauko ta. Yanzu tana da shekara sha bakwai, ta shiga wata kwaleji a nan kusa, irin wadda aka ce kina aiki a cikinta, tana karatun kula da marasa lafiya. Makon jiya takarda ta zo daga can. Wai suna auna yadda kowane ɗalibi ke sa kansa cikin karatu, engagement suke kiran abin, kuma kowa da launinsa: kore, ruwan ɗorawa, ja. Ita ja ce. Wani ƙaton ɗigo ja a gaban sunanta, kamar an ɗiga jini.

Yaya, yarinyar nan ba ta taɓa fashi ba. Tun gari bai gama wayewa ba take tsaye a bakin titi tana jiran bas. Aikin gida kuwa har sai na ce ta tashi ta ci abinci. To me ta yi? Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Na nuna wa babansu, ya ce abin kwamfuta ne, in daina tayar da hankalina, ya ɗauki jakarsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar maƙwabciyarmu. Ta ce akwai wata mata a Sparkbrook, da takardar makaranta aka fara, daga nan sai mutanen council, wato hukumar gari, yanzu 'ya'yanta suna hannun wasu, sai ranar da aka yanka mata take ganinsu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ki taimake ni ki gaya mini abin da jan nan ke nufi.

Ƙanwarki,
Rahmatu

Gorton, Manchester
Oktoba

Ƙanwata Rahmatu,

Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, mun gode wa Allah. Gamaliel yana gaishe ku, ya ce wato sai da ja ya bayyana aka san akwai dangi a Manchester. Allah ya ba Aliya sauƙi, ki haɗa mata da citta da zuma, ki bar GP da ruwan ɗuminsa.

Ki kwantar da hankalinki. Kin faɗo a hannun mai abin, domin aikina ke nan a kwalejinmu. Ni ce mai zama gaban kwamfuta daga safe ina kallon ɗigo-ɗigon nan, in kira wannan, in rubuta wa wancan. An ƙirƙiro abin ne don a gano ɗalibin da ke shirin barin karatu tun kafin ya bari, kuma gaskiya ya ceci yara da dama, na gani da idona. Ba wanda ake ƙwace wa ɗa don ɗigo ya yi ja. Maƙwabciyarki ba ta ba ki labarin duka ba.

Ga yadda ake lissafin. Katin da Mubaraka ke dannawa a ƙofa ana ƙirgawa, nan na san ba ta da matsala. Ana duba sau nawa ta buɗe shafin kwaleji a kwamfuta, ko ta leƙa laburare. Sai babban, wanda ke kayar da yaranmu: duk mako malami yana ba da maki a kan ko ɗalibi ya yi magana a aji, ya yi tambaya, ya ɗaga ido ya dubi mai koyarwa. Ke yanzu ki tuna wace ce ta raini Mubaraka. Tsohuwar Zariya! Yarinyar da aka koya wa cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne, yi masa tambaya kuma fitsara. Duk tarbiyyar da Hajiya ta sha wahalar ba ta, a nan sifili ce.

Delight ɗina kuwa kore shar take tun da ta shiga. Yarinyar da in na ce ta wanke kwano sai ta ce, "Mum, can we discuss this?" Malamanta suna yabonta, ni ina neman muciya.

To abin yi kaɗan ne. Ki ce mata ta riƙa ɗaga kai in malama na magana. Ta yi tambaya ko da ta san amsar. In an ce a kira malama da sunanta tsurarsa, ta daure ta kira, haka suke so. Shafin kwalejin kuma ta yawaita buɗe shi, don na san irinsu, a littafi take karatunta. Kwamfuta ba ta san karatu ba, buɗewa kawai take ƙirgawa.

Ki gaishe mini da maigidanki Malam Ɗanjuma, ki ce masa digirin ba zai gudu ba, ya riƙa zama a gida.

Yayarki,
Margaret

Balsall Heath
Nuwamba

Yaya Margaret,

Bayan gaisuwa, Allah ya saka miki da alheri, ya raya Delight, ya shirya mana bakinta. Tarin Aliya ya tafi, cittar ta yi aiki.

Albishirinki, mun koma ruwan ɗorawa! Ranar da na gani sai da na yi sujada a kicin.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Maganar kallon ido dai ta gagara. Na ce ta gwada a kan babanta lokacin cin abinci. Ta ɗago kai kamar ana ɗaga dutse, idonta ya kai haɓarsa ya tsaya, sai hawaye. Shi ma ya rasa inda zai sa nasa idon, ya ce a ƙara masa miya. Da ya fita na ce to ta kalle ni ni. Yaya, ni na fara kawar da kai. Aliya na gefe tana ta dariya tana cewa, "You're both so weird." Na kore ta ɗaki.

Da na ga wannan ba za ta yiwu da wuri ba, sai na tuna abin da kika ce, kwamfuta buɗewa kawai take ƙirgawa. Na ce ai wannan ko ni zan iya. Na sa Aliya ta leƙo mini password ɗin yayarta, ta rubuta mini a bayan kwalin shayi. Yanzu da sun fita da safe sai in ɗora tsohuwar kwamfutar babansu a kan teburin kicin. In yanka albasa, in danna. In juya miya, in danna. Na buɗe darasin wanke hannu ya fi a ƙirga, har na haddace hotunan. Ita ba ta sani ba, ban ga amfanin gaya mata ba. Abin da uwa za ta iya ke nan, tunda Turancina bai kai na zuwa in yi musu bayani ba.

Sai dai jiya wata mata ta kira daga kwalejin, sunanta Bethany, ta ce ita ce mai kula da walwalar ɗalibai. Muryarta da taushi, har ta tambayi lafiyata. Ta ce suna so mu zo, ni da babanta, a zauna a tattauna a farkon wata mai zuwa. Na ce lafiya? Ta ce, "Just a chat." Babansu ya ce ƙila yabo za su yi tunda an samu ci gaba.

Ni dai jikina bai ba ni ba. Tun da nake a ƙasar nan na lura, in Bature ya tausasa murya sosai, akwai magana a ƙasa. Me ya sa sai mu biyu? Me ya sa ba malamar ajinsu ce ta kira ba? Ki gaya mini in wannan abu ne da aka saba.

Rahmatu

Gorton
Nuwamba

Rahmatu,

Muna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutu kafin in fita.

Ki rufe kwamfutar nan yau, kada ki sake taɓa ta. Wayyo Rahmatu! Laifina ne da ban yi miki bayani sosai ba. Na'urar tana nuna daga inda aka buɗe shafi. Abin da suke gani shi ne Mubaraka ta danna kati tana zaune a aji, kuma a daidai lokacin wani yana cikin shafinta daga gidanku, kullum, awa da awanni. A ofis irin namu wannan ma'anarsa ɗaya: akwai babba a gida da ya karɓe mata password yana bin diddiginta. Ki haɗa da yarinyar da ba ta magana, ba ta ɗaga ido, ba ta da ƙawa. Kin ga hoton da ya fito.

Bethany ɗin nan ba yabo za ta yi ba. Irin aikinta shi ne kare yara daga cutarwa a gida. Kada ki riƙe ta a zuciya, ni ma da na ga irin wannan a kwamfutata dole in tura wa mai irin aikinta, doka ce, ba ni da zaɓi.

Amma abin bai ɓaci ba tukuna. Ki je, ki faɗi gaskiya tiryan-tiryan: ke kika danna, don tsoro, yarinyar ba ta sani ba. Za su yi miki faɗa kaɗan, shi ke nan. Abu mafi muhimmanci, za su so su ga yadda kike da 'yarki. Ki zauna kusa da ita. In sun tambaye ki game da ita, ki buɗe baki ki yi magana, ki yabe ta. Na san 'yar fari ce, na san abin da nake roƙonki. Ki ajiye kunyar nan a bakin ƙofa na awa ɗaya, in kin fito ki ɗauki abarki.

Ki kira ni kafin ranar, ko daga waje ne.

Margaret

Balsall Heath
Disamba

Yaya Margaret,

Ina fata kuna lafiya. Mu dai muna numfashi.

Takardarki ta iso bayan mun dawo daga taron. Na tarar da ita a ƙasan ƙofa tare da tallan kayan Kirsimeti. Na karanta a tsaye da mayafina.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da kwalin tishu a tsakiyar tebur. Tun da na ga tishun nan na san ba don yabo aka kira mu ba. Bethany yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, ga wata dattijuwa a gefenta tana rubutu. Aka kira 'yarki daga aji. Da ta shigo ta ga babanta, sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, kamar yadda aka koya mata. Na ga matan nan biyu sun dubi juna. Dattijuwar ta rubuta wani abu. Akwai kujera kusa da ni, yarinyar ta wuce ta ta zauna can nesa, ni ma ban ce ta matso ba. Ina zan iya?

Maganar kwamfuta ba ta yi tsawo ba. Na ce ni ce. Babansu ya juyo ya dube ni, yarinyar kuma ta ƙara sunkuyar da kai. Ya yi ta zuba musu Turanci, yana cewa kuskure ne na rashin sani. Na ɗauka an gama.

Sai Bethany ta ce tana so ta ji daga bakina, ba daga nasa ba. Ta ce in fara da faɗin cikakken sunan yarinyar don a rubuta. Na nuna babanta da hannu.

Ta ce, "No, from you, Mum."

Yaya, kin san tun da na haife ta sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah. Ga mijina zaune, ga baƙi, ga ita kanta. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. Na ce, "She knows her name."

Bethany ta ƙara tausasa murya ta ce to in gaya mata abin da nake so game da 'yata, abin da nake alfahari da shi. Kunya ta rufe ni, sai na ji ina dariya, irin dariyar da muke yi in an yabi ɗan fari a gabanmu. Na kawar da kai na ce, "Nothing special. She is just there." Abin da kowace uwa za ta ce ke nan a Tudun Wada, a yi dariya a wuce. A nan ba wanda ya yi dariya. Alƙalamin dattijuwar kawai nake ji.

Babansu ya yi ƙoƙarin bayani, ya ce al'ada ce. Bethany ta ce ta gode, amma dole su sanar da council, za a turo ma'aikaciya gida. Muka kama hanyar gida. Da muka iso yarinyar ta shige ɗaki ta ja ƙofa a hankali.

Na sake karanta takardarki. Kin ce ke ma da kin gani da kin tura. Na yi ta maimaita layin nan. Ashe da a kwalejinki take, da hannunki za ki miƙa ni. Na kawo kukana wurin 'yar'uwa, ban san da ma'aikaciyarsu nake magana ba. Yanzu duk abin da na rubuta miki, shi ma dole ne ki tura?

Rahmatu

Balsall Heath
Janairu

Yaya Margaret,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Shiru ban ji daga gare ki ba. Kullum in na ji ƙarar murfin kafar wasiƙa da ke jikin ƙofa sai in ruga, in tarar da takardar wuta ko ta ruwa.

In maganata ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, tsoro ne ya yi magana ba ni ba. In kuma shirun yana nufin abin da nake zargi, to ki gaya mini in sani.

Matar council ta zo. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ban san ko ladabi ne ko dabara ba. Ta duba inda yaran ke kwana, ta tambayi wanda ke girki, wanda ke wanke-wanke. Ta sha shayina. Aliya ta haye cinyata tana ba ta labarin makaranta, matar tana murmushi, idonta kuwa yana kan babbar da ke tsaye a bakin kicin. Daga baya ta fita da ita, su biyu kawai, suka daɗe. Da suka dawo idon yarinyar ya yi ja. Na tambaye ta me aka ce, me ta ce. Ta ce ba komai.

Tun ranar ba na iya cin abinci. Mota in ta tsaya a ƙofar gida sai in ruga in leƙa ta taga. Na haɗa mata 'yan kaya a jaka na ɓoye a ƙarƙashin gado, don in sun zo ɗaukarta kada ta tafi ba rigar sanyi. Babansu ya gani ya ce na haukace. Wataƙila.

Don girman Allah ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Rahmatu

Gorton
Fabrairu

Ƙanwata,

Muna lafiya, ina fata kin fara cin abinci. Gamaliel da Delight suna gaisuwa.

Gaskiya maganarki ta yi mini zafi, na ajiye takardar na ce sai na huce. Ban tura komai ko'ina ba, kuma ba zan tura ba. Da na huce kuma sai wani abu ya taso da ban san yadda zan rubuta miki shi ba, shi ya ƙara jinkirin.

Bari in fara da mai daɗi. Ki kwance jakar nan, ba mai zuwa ɗaukar kowa. Malam Ɗanjuma ya ba matar council lambata, mun yi magana mai tsawo. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, na ce ko a danginmu na coci akwai tsofaffin da ke yi. Mace ce mai hankali, ta taɓa aiki da mutanenmu. Ta ce ba ta ga alamar cutarwa ba, za ta rufe maganar. Kwalejin ma sun ce za su sake duba yadda suke ba da makin magana a aji. Ni kaina na kai maganar gaban shugabanmu a nan, ya ce za a duba, kin san irin dubawarsu.

Ɗayar maganar ita ce, Mubaraka ta kira ni. A wurin babanta ta karɓi lambar. Tana tsaye a tashar bas, ina jin iska a wayar. Mun daɗe tana gaishe ni kafin ta kai ga abin da ya sa ta kira. Zan rubuta miki yadda ta faɗa, don ba ni da ikon gyara mata.

Ta ce, "Anti, na san kunya ce. Hajiya ta gaya mini tun ina ƙarama, ta ce uwa ba ta kiran 'yar fari, ba ƙi ba ne. A Zariya ban damu ba, kowa haka yake, kuma ina da Hajiya. Amma nan ba Hajiya. Aliya tana hawa cinyar Mama, Mama tana kiran sunanta sau ɗari a rana. Ni sai dai 'ke'. Matar council ta tambaye ni, does your mum love you, na ce yes, don kada a kama ta. Anti, I said yes, amma ban sani ba."

Na ce mata uwar da ta wuni tana danna darasin wanke hannu saboda ke fa? Ta yi 'yar dariya, sai kuma ta fashe da kuka. Ta ce abin da ke dawo mata kullum shi ne nothing special, a gaban mutane.

Ta roƙe ni ta zo wurina hutun Ista. Ta kuma tambaya ko kwalejinmu na karatun da take yi, ko za a iya mayar da ita nan in shekara ta zagayo. Muna yi, kuma ana iyawa. Ban ce mata e ba, na ce sai abin da ke da babanta kuka ce. Ɗakin Delight akwai gado biyu, wannan ba matsala ba ce. Amma ina so ki gane, Rahmatu, ba council ce ke neman raba ki da ita ba yanzu.

Ban ce kin yi laifi ba. Yadda aka raine ki kika yi. Ni dai na faɗa miki abin da na ji da kunnena.

Yayarki,
Margaret

Balsall Heath
Afrilu

Yaya Margaret,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara a kan zargin da na yi miki. Kin yi mini abin da 'yar'uwa ta ciki ɗaya za ta yi. Muna lafiya. Takardar council ta zo, sun rufe maganar. A kwaleji an mayar da ita kore, wai ta fara amsa tambaya. Na kalli koren nan ban ji komai ba.

Na daɗe ban amsa miki ba don na ɗauka zan gyara abin da kaina kafin hutu. Na gwada. In ba kowa a gida sai in tsaya a kicin in faɗi sunan a hankali, in ji yadda yake a bakina. Yana fita. Amma da ta shigo ta ce "Sannu da gida, Mama," sai ya maƙale, in ji kaina ina cewa, "Ke, akwai abinci a tukunya." Na dafa mata dambun da take so har ya ishe ta. Na saya mata takalmi. Ta durƙusa ta yi godiya kamar baƙuwa.

Da babanta ya tambaye ta ko har yanzu tana son zuwa Manchester, ba ta ko yi jim ba ta ce e. Saurin amsar nan ya fi zuwan matar council tsorata ni. Ban hana ba. In na hana, da wane baki?

Yau da safe muka raka ta tashar mota ta Digbeth. Babanta ya yi mata nasiha, Aliya ta rungume ta tana cewa ta kawo mata tsaraba. Ni na miƙa mata ledar abinci na ce ta kula da jakarta. Ta ce to. Ta hau, ta zauna ta wajen taga, ta sa abin sauraro a kunne. Na lura akwatin da ta ɗauka ya fi na hutun mako biyu.

Direba ya rufe ƙofa, motar ta fara ja da baya. Yaya, ban san lokacin da na saki hannun Aliya ba. Na bi motar, na kira ta. Da ƙarfi, a gaban babanta, a gaban Turawa da kowa. Mubaraka. Ga shi na rubuta ma. Sau biyu na kira. Wata tsohuwa da ke kusa ta juyo, babansu ya tsaya baki buɗe, Aliya ta ce, "Mum, you said it!"

Ita ba ta juyo ba. Gilashin a rufe yake, injin yana ƙara, ga abin nan a kunnenta. Amma na ga kamar kafaɗarta ta motsa. Ko kuwa ta ji, ba ta gane da ita ake ba, tunda ba ta san yadda sunanta yake a muryata ba. Ko ta ji sarai ta ƙi juyowa. Tun da muka dawo nake juya abin nan, na kasa tsayawa a kan ɗaya.

Kafin takardar nan ta iso ki ta kwana biyu a gidanki. Ba ta son madara a shayi, kuma ba za ta faɗa miki ba, za ta shanye ta yi godiya. Kada ki tambaye ta komai kai tsaye, za ta ce ba komai. Ke dai kin iya kallon yara, aikinki ne. Ki duba mini fuskarta, Yaya, ki gaya mini gaskiya ko ta ji.

Ƙanwarki,
Maman Mubaraka